Buhun da Na Kai wa Duna

Da Allah zai ba mutum dama ya koma baya ya goge abu ɗaya daga cikin abin da bakinsa ya faɗa, ni na san wanda zan goge. Ba zagi ba ne, ba rantsuwa ba ce. Kalma biyu ce kacal na faɗa wa yayana Ummaru a ƙofar gidansa, da hantsi, yana riƙe da bakin buhu. Na ce masa, "Na ɗanɗana." Alhali kuwa ban ɗanɗana ba.

Ku 'ya'yana kun taso kuna ganin duk sanda na kai wa Baffanku Ummaru tsaraba, ko goro ne ko kilishi ko rake, ba ya kai wa bakinsa sai ya miƙo mini ya ce, "Fara, Bala." Na sani wasunku sun ɗauka girmamawa ce. Har na taɓa jin Sani yana yi wa abokansa alfahari wai a danginmu babba ba ya cin abu sai ƙaninsa ya fara. To yau zan gaya muku gaskiya, tunda Baffan naku ya riga mu gidan gaskiya, ni ma gwiwa ta fara ba ni labari. Ba girmamawa ba ce. Hukunci ne, kuma kare ne sanadinsa.

Kafin a haifi yawancinku ni kuku ne. Na yi shekara goma sha ɗaya ina dafa wa wani Bature abinci a Gusau, injiniya ne mai gyaran injinan gurzar auduga. Ma'aikata suna ce masa Dogo, don sai ya sunkuya yake shiga ƙofar kicin. Mutumin kirki ne, yana jin Hausa daidai gwargwado, sai dai har ya tafi bai iya bambanta mace da namiji a magana ba. Yana da wani ƙaton kare mai gashi kamar tunkiyar da ba a yi wa aski ba. Sunan da Bature ya sa masa ya fi ƙarfin harshenmu, sai muka sa masa Manaja, saboda ba ya komai sai ci da kwanciya a gaban fanka. Abin da ya fi ba ni mamaki a gidan nan shi ne Manaja ba ya cin abin da na dafa. Abincinsa daban ne, a buhun takarda yake zuwa daga Kudu, da hoton kare a jiki yana washe baki. Idan ka buɗe sai ka ga 'yan dunƙule-dunƙule masu launin ƙasa, busassu ƙarau, suna ƙamshi tsakanin ƙuli-ƙuli da busasshen kifi. Ni da na taso a Bungudu inda kare yake jiran ƙanzon tukunya da sauran tuwon jiya, abin ya tsaya mini a rai. Wata rana Dogo ya shigo kicin neman ruwan zafi, na tambaye shi wa ya fara tunanin yi wa kare abinci a kamfani.

Ya ja kujera ya zauna, don yana son a tambaye shi irin waɗannan abubuwa. Ya ce a ƙasarsu ma da can kare ragowar gida yake ci, kamar namu. Sai wani mutum ya ga karnuka a bakin teku suna rububin busasshen biskit ɗin da ma'aikatan jirgin ruwa suka zubar, ya ce ashe kare yana son wannan. Ya koma ya haɗa gari da nama da ganye ya gasa, ya riƙa sayar wa masu hali. Daga baya aka shiga zuba naman doki a gwangwani, daga baya kuma aka koma irin wannan busasshen na buhu, don ba ya lalacewa da wuri.

"Mutumin ta samu arziki ƙwarai, Bala," in ji Dogo.

"Da abincin kare, Maigida?"

"Da abincin kare. Amma ka saurara. Ba duka kamfani tana da gaskiya ba. Wani tana zuba hatsin da mutum ya ƙi, da ragowar mahauta, ta sa ƙamshi a kai. Kare ba ta iya karatu, ba ta iya kai ƙara. Dubi wannan," ya nuna Manaja, "ƙiba ta yi yawa, haƙori ta lalace, kullum susa. Likita ta ce in rage mata."

Duk wannan bayani na biyu ya shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu. Abin da ya zauna mini shi ne na farko: mutum ya yi arziki da abincin kare.

Ba a daɗe da ba mu jiha ba Dogo ya gama aikinsa ya koma gida. Ya tafi da Manaja a jirgin sama. Na tsaya a ƙofa ina ɗaga wa kare hannu, ni da ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Aka bar ni da tukwane biyu, da takardar yabo, da tarin buhunan takarda marasa komai. A lokacin Gusau ta zama babban birni, manya sun taho daga Sakkwato da Kaduna, ana ta gina gidaje masu dogon bango, kowane gida kuma sai an kawo karen waje an ɗaure. Ina yawon neman aiki sai wani maigadi ya yi mini kukan cewa karen Alhajinsa ya ƙi tuwo, ya ƙi shinkafa, sai abincin buhu, shi kuma sai an aika Kaduna. A wurin nan na ji kamar an kunna fitila a kaina. Na dawo gida da sauri na sami mahaifiyarku Hajara tana tankaɗe.

"Hajara, Allah ya kawo mana sana'a."

"Alhamdu lillahi. Wane gida ka samu?"

"Ba gida ba ne. Abincin kare zan riƙa yi ina sayarwa."

Ta ajiye rariya ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Malam, rana ta buge ka ne? Zauna in kawo ma ruwa."

"Wallahi da hankalina. A Turai akwai wanda ya yi arziki da shi."

"To a Turai aka yi. Nan in an tambaye ni sana'ar mijina in ce mi? Mai tuwon kare?"

Bakinta ya kama, don sunan da unguwa ta sa mini ke nan, Bala Mai Tuwon Kare, har yau akwai tsofaffin da ba su san ni da wani suna ba. Amma uwarku mace ce da za ta yi maka tsiya da baki tana taya ka da hannu. Ita ta nuna mini yadda zan daidaita kwaɓin. Masara ce tushensa, sai ƙuli-ƙuli, sai burbushin busasshen kifi da nake samowa a kasuwa, sai ƙashi daga mahauta da nake dafawa in shanya in daka. Mai injin unguwarmu ya niƙa mini sau biyu, da ya ji na kare ne ya ce ko a mafarki kada in sake kawowa, mata za su gudu daga injinsa. Sai na koma wani inji a hanyar Wanke, can na ce masa abincin kaji ne. Mai gidan burodi ma ya ƙi ba ni aron tanda, na gina tawa ta laka a bayan gida. Muna mulmulawa kamar ƙananan ƙuli-ƙuli, mu gasa har su bushe, mu zuba a buhunan Dogo masu hoton kare.

Wata rana na shanya su a tabarma a zaure, maƙwabcinmu Malam Idi tela ya shigo gaisuwa. Ina ciki ina alwala. Da na fito na tarar ya cika baki yana tauna, ya kuma cika aljihu.

"Bala, wannan cincin ɗin Hajara ta yi? Ka ce mata gishiri ya yi kaɗan, amma akwai daɗi."

Hajara ce daga bayan labule ta ce, "Malam Idi, in ka ji kana son yin haushi anjima, kada ka tsorata." Bawan Allah nan ya yi wata da watanni ba ya amsa sallamata. Amma babu abin da ya same shi, ko ciwon ciki bai yi ba. Ina so ku riƙe wannan: abincin da nake yi a farko mai kyau ne, da masarar da mu ma muke ci nake yin sa. Karnukan Alhazai suka karɓe shi, masu gadi suka riƙa gaya wa juna, cikin 'yan watanni na zama mutum. Na sayi keke, na ɗinka riga, na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa.

Yanzu bari in gaya muku waye Duna. Yaya Ummaru ya bar Bungudu tun yana saurayi ya zauna a wani ƙauye kusa da Bilbis, ta ƙasar Tsafe, inda ya sami gona. Da damina manomi ne, idan an gama kaka kuma mafarauci ne, gadon mahaifinmu. Duna karensa ne, baƙi wuluk, siriri, ɗan ƙauye na asali, mai kunne a tsaye. Ba a taɓa yin karen da ya kai shi gudu a yankin ba. Idan zomo ya tashi, mafarauta ba sa ma wahalar jifa, sai su ce a bar wa Duna. Ya taɓa tare wa Yaya kumurci a kan hanya, ya taɓa korar ɓarayin awaki shi kaɗai. Yaya ba mai yawan magana ba ne, amma idan aka taɓo Duna sai ka nemi wurin zama. Kuma yana da wata ƙa'ida da ya gada daga Baba: mafarauci ba ya ba karensa abin da shi bai sa a bakinsa ba. Ko tuwo ne sai ya gutsura ya ci, sannan ya ajiye masa. Baba yakan ce kare yana shiga daji da ransa saboda kai, ba ya tambayar ka komai, to kai ne harshensa.

Farkon da na kai wa Yaya abincin nan don in yi masa burga, ya juya shi a tafin hannu yana murmushi.

"Wanga shi ne abin da anka ce kana yi? Kashin awaki kake gasawa, Bala?"

"Yaya, wannan abincin karnukan Turai ne. Duna bai taɓa cin irinsa ba."

"Kai ka ci?"

Na dumbuza na watsa a baki na tauna ƙaras-ƙaras a gabansa. Ya yi dariya har da buga cinya, shi ma ya ɗauki ɗaya ya gwada, sannan ya zuba wa Duna. Kare ya cinye ya lashe ƙasa. Yaya ya ce ba laifi, idan damina ta ja baya in kawo masa buhu guda, yana so Duna ya yi ƙarfi kafin a fara farauta, don a wannan tsakanin abinci yakan yi ƙaranci a gida. Na ce ya ɗauka an gama.

A daminar nan aka yi ruwa mai yawa. Rumbun gidanmu na Bungudu, inda Inna mahaifiyarmu take zaune, ya tsage ta sama ba wanda ya lura, ruwa ya yi ta shiga. Da aka buɗe sai aka tarar masarar bara ta yi hunhuna, wata ta yi kore-kore, wata baƙi, tana wani wari kamar tsohon ɗaki. Na je gaishe da Inna na tarar an tara ta a tsakar gida.

"Bala, gara da ka zo," in ji ta. "Ka sa a gina rami a rufe wagga masara. Na watsa ma kaji sun ƙi ta."

"Inna, wannan duka a rufe? Ai asara ce. Bari in tafi da ita."

"Ka yi mi da ita?"

"Zan san yadda zan yi."

"Abin da kaza ta ƙi, ɗan nan, ba abin kirki ba ne. Ka rufe ta."

Na ce to, amma da ta shiga ɗaki na ɗura buhu na ɗaure a keke. A hanya ina ta lissafi da zuciyata. Masara ta yi tsada a kasuwa a lokacin, mai kyau da nake da ita ta karnukan Alhazai ce, su ne masu saye, kuma karnukansu 'yan gata ne, abu kaɗan sai su kwanta. Duna kuwa ɗan ƙauye ne. Na ce a raina cikinsa ƙarfe ne, karen da yake cin mushe a daji me hunhuna za ta yi masa. Kuma ai kyauta zan ba Yaya. Kuma ai wuta za ta kashe komai. Haka na riƙa jera wa kaina dalilai har na iso Gusau, kowane dalili yana riƙe da hannun ɗan'uwansa. Na wanke masarar, na shanya, na niƙa, na ƙara kifi fiye da kullum don ya danne warin. Hajara ta shinshina kwaɓin ta yamutsa fuska.

"Malam, wannan ba irin na kullum ba ne."

"Na Duna ne."

"Duna ba rai gare shi ba?"

"Ke dai mulmula."

"Wannan kam ba da hannuna ba," ta ce, ta wanke hannu ta shige ɗaki. Tun da muka fara sana'ar ranar ce kaɗai ta bar ni ni kaɗai a bakin tanda.

Da na kai buhun ƙauyen Yaya, ya fito da murna, Duna yana zagaya ni yana kaɗa wutsiya. Yaya ya kwance bakin buhu. A ranar haƙori yana damunsa, kuncinsa a kumbure, ya ɗaure da ƙyalle, ba ya iya tauna ko tuwo. Sai ya dube ni ya ce, "Ka ga halin da bakina yake. Ka ɗanɗana?" Da ya ce in ci a gabansa, wataƙila kunya ta sa in faɗi gaskiya. Amma tambaya kawai ya yi, don ni ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na ce, "Na ɗanɗana." Ya ce madalla, ya ɗebo da kwano ya ajiye wa Duna. Ina tsaye kare ya cinye.

Bayan kamar mako uku, ranar wata Juma'a da safe, wani direba ya kawo mini saƙo cewa Yaya yana nema na, Duna ba lafiya. Ban ko karya kumallo ba na kama hanyar Tsafe. Na tarar da Duna kwance a gindin darbejiya, haƙarƙarinsa duk a waje, idonsa ya yi rawaya kamar mai ciwon shawara, dasashinsa ma haka. Ya ga ni ya yi ƙoƙarin kaɗa wutsiya, ta ɗaga sau ɗaya ta faɗi. Wallahi da ya yi mini haushi da ya fi mini sauƙi. Yaya yana tsugune kusa da shi. Ya ce kwana biyar ke nan yana amai, ya ƙi komai, an ba shi jiƙo iri-iri ba sauƙi. Maƙwabta sun taru, wani ya ce sammu ne na abokan farauta masu baƙin ciki, har an fara ambaton sunan wani bawan Allah da suka taɓa sa-in-sa da Yaya a kan barewa. Na ji ana shirin ɗora wa mutumin da bai ji ba bai gani ba laifina, amma na yi shiru. Yaya ya tashi ya shiga zaure, ya jawo ragowar buhun, ya dumbuzo cike da hannu ya miƙo mini.

"Haƙorina ya warke shekaranjiya," ya ce. "Na sa ɗaya a baki. Ɗaci gare shi, Bala. Amma kai ka ce ka ɗanɗana, ƙila bakina ne. Ci in gani."

Na karɓa. Na kai hannu har kusa da baki, warin rumbun Inna ya bugo ni ta ƙarƙashin kifin. Hannuna ya tsaya. Mutane suna kallo. Ban san sanda na durƙusa ba.

"Yaya, ƙarya na yi maka. Ban ɗanɗana ba. Masarar rumbun Inna ce, wadda ta ce a rufe."

Na jira mari, don na cancanta, kuma hannun Yaya ba na wasa ba ne. Bai mare ni ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Su karnukan Alhazai, ita ka ba su?" Na ce a'a. Ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "To." Wannan "to" ɗin har yau ina jin ta.

Na ce ya ba ni Duna in kai shi wurin likitan dabbobi a Gusau. Ya ce in ɗauka, in ya mutu a hannuna in rufe shi da kaina. A bakin titi direbobi uku suka ƙi mu. Ɗaya ya ce motarsa ta Musulmi ce, na ce shi ma karen a gidan Musulmi ya tashi, ya ja motarsa ya bar ni da ƙura. Daga ƙarshe wani mai a-kori-kura da ya ɗauko buhunan gawayi ya ce in hau baya. Haka na shiga Gusau ranar Juma'a, cikin sabuwar farar rigata, a kan gawayi, rungume da kare kamar jariri, daidai lokacin da mutane suke fitowa masallaci. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Mai Tuwon Kare, yau kuma suna za a yi?" Ban iya ko ɗaga kai ba.

Likitan wani ɗan tsamurmurin mutum ne mai tabarau. Ya duba idon Duna, ya shinshina abincin, ya tambaye ni da me na yi. Na gaya masa komai. Ya cire tabarau ya ce hunhunar da take kama masara da gyaɗa tana barin dafi a cikin ƙwayar, wanki ba ya fitar da shi, wuta ba ta kashe shi, hanta yake ci. Ya ce kare ba ya jure shi, balle wanda aka ɗora wa abinci iri ɗaya safe da yamma, kullum yana ƙara dafi a kan dafi. Ya ce ko manyan kamfanonin waje idan gurɓataccen hatsi ya shiga musu, haka karnuka suke zubewa. Kuma mutum ma bai tsira ba, don haka in gaya wa mutanen gida kada wanda ya yi tuwo da irinta. Sai a lokacin maganar Dogo ta dawo mini, rabin da na zubar: kare ba ta iya kai ƙara. Likita ya yi wa Duna allura, ya ƙara masa ruwa, ya ce shi ba shi da maganin dafin kansa, sai dai a daina ba shi, a yi jinya, a bar wa Allah.

Jinyar nan uwarku ce ta yi ta. Matar da ta ce ba za a kira ta matar mai tuwon kare ba, ita ce ta shimfiɗa wa Duna buhu a inuwar bayan gida, tana dama masa kunu mai ruwa-ruwa, tana ba shi da ludayi kaɗan-kaɗan. Kuma kafin ta ba shi sai ta miƙo mini ludayin ta ce, "Bismillah, Malam." Na sha kunun kare ya fi a ƙirga. Kwana tara bai tashi ba. A na goma da safe kazar Malam Idi ta shigo ta nufi kwanonsa, sai muka ji wani ɗan ƙaramin gurnani. Hajara ta saki guɗa kamar an yi haihuwa. Malam Idi ya leƙo yana tambayar me aka samu, ta ce, "Abokin cin abincinka ne ya tashi." A ranar ya huce da ni, don dariya ta hana shi ci gaba da fushi.

Bayan wata biyu na mayar da Duna gida. Ya rayu, ya yi ƙiba kaɗan, amma gudun nan bai dawo ba. Aka fara farauta a shekarar, mafarauta suka biyo wa Yaya da ƙaho da karnukansu, Duna ya bi su har bakin rafi ya tsaya yana haki. Yaya ya dube shi, ya ce wa abokansa su je, shi ya fasa. An yi masa tayin 'yan kwikwiyo ya fi sau biyar, ya ce ba zai fita da wani kare ba Duna yana kallo. Duna ya ƙara shekara huɗu yana kwance a ƙofar gida yana korar awaki daga shanya, kafin ya mutu kuma gwiwar Yaya ta riga ta gaji. Kun ga ke nan ban kashe kare ba, amma na kashe wa yayana farauta, abin da ya fi so a duniya, saboda ƙyashin masara buhu ɗaya. Tandar kuwa na ci gaba da ita shekara biyu, ban sake zuba abin da ban ci ba, sannan na sami aikin kuku a wata makaranta na rushe ta.

Yaya bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya. Sai dai da Sallar shekarar muka haɗu a Bungudu gaban Inna, na kawo masa goro fari mai kyau. Ya karɓa, ya ɓare, ya miƙo mini rabi ya ce, "Fara, Bala." Inna ta rufe baki da mayafi tana dariya har da hawaye. Daga ranar ya zama doka. A gidan biki, a gidan suna, gaban surukai, gaban ku, ba ya fashi. Wani lokaci yana faɗa yana ƙyafta mini ido. Ni kuma ina karɓa in ci, don na san bakina ne ya jawo.

Bara da ciwonsa ya yi tsanani na je na zauna da shi. Wata safiya Hajara ta dama masa kunun tsamiya na kai masa a kofi. Na tallafo kansa, na kai kofin bakina don in fara kamar kullum. Sai ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Bari, Bala. Kawo." Ya sha, bai jira ni ba. Ya dube ni yana murmushi ya ce, "Gishiri ya yi kaɗan, amma akwai daɗi." Ashe labarin Malam Idi ya kai masa tun tuni. Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi. Bayan kwana uku ya rasu, Allah ya jiƙansa.

To kun ji. Shekara ashirin da wani abu na yi kafin yayana ya sake karɓar abu daga hannuna ba tare da shaida ba. Abin da nake roƙon ku, ku da 'ya'yanku, kada ku maimaita. Duk wanda zai ci daga hannunku bai iya tambaya ba, dabba ne ko jariri ko tsoho ko baƙo, ku sa a bakinku tukuna. In kuma ba ku sa ba aka tambaye ku, ku ce ba ku sa ba.